Sobiya a Jarkar Roba

Makon jiya jikata Samira ta shigo da ƙawarta, suka tura mini waya a fuska, wai in kalli wata mata tana haɗa sobiya. Matar ta zuba garin sha'ir a jarkar ruwa, ta ƙara sukari, ta murɗa marfi ta ɗaure tam. Hoto ya yi tsalle, sai ga ta tana tsiyayawa a kofi tana murmushi. Duka bai kai minti biyu ba.

Samira, wadda ke kirana Sitti, wato kaka, ta ce, "Kin gani, ya Sitti? Abu mai sauƙi. Bana mu ma za mu yi, mu saka a waya mutane su saya."

A ranar ban ba ku amsa ba, don da na buɗe baki da abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba. Yau na huce kaɗan, sai ku zauna ku saurara.

Ni Binta, a nan unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, kuma na haura shekara arba'in ina yin sobiya. Ga wanda bai san ta ba, abin sha ne na mutanen Hijaz, wanda da wuya a yi buɗa-baki a Makka babu shi a kan tabarma. Danginmu da ke zuwa daga gida sukan ce ƙanwar kunun zaƙi ce. Sha'ir ake jiƙawa, ko busasshen burodi, a tace, a sa sukari da kirfa da hel, ɗan ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa, a bar ta ta ɗan tashi har ta yi wannan ɗan tsamin mai daɗi, sannan a sanyaya. A baki ke nan. Abin da matar cikin wayarku ba ta gaya muku ba shi ne, tashin nan ba ya tsayawa don kansa. Idan ba ki tsayar da shi ba zai ci gaba, kuma inda zai kai ki wuri ne da Musulmi ba ya zuwa. Tsakanin sobiyar da mai azumi zai sha ya yi hamdala da abin da zai sa a zo a ƙwanƙwasa miki ƙofa, wani lokaci tazarar ba ta wuce azahar zuwa magariba ba. Wannan tazarar ita ce sana'ar. Sauran duk wanke-wanke ne da ɗaukar kaya.

A hannun Goggo Dije na koya, yayar mahaifina. Ina da shekara ashirin, da goyo a baya, maigidana kuma aikinsa na ɗaukar kayan alhazai ne a Mina, wanda ake yi sau ɗaya a shekara a zauna. Na je na ce mata ina son sana'a. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini randuna shida a jere a inuwar tsakar gida, ta ce in wanke. Azumin farko ban taɓa sha'ir da hannuna ba. Randa nake wankewa da ƙyallen tata, in shanya, ta zo ta sunsuna, ta ce in sake. Takan cusa kanta har cikin randar. In ta fito ba ta ce komai ba, to ta wanku.

A azumi na biyu ta bar mini randa ɗaya. Na jiƙa, na tace, na sa kayan ƙamshi, komai ya tafi daidai. Ta ce mini da an yi azahar in sauke ta in zuba ƙanƙara. Yarona ya tashi da zazzaɓi a ranar, ban iso ba sai da aka kira la'asar. Na tarar da ita tsaye a kan randar, ta ce in sa kunne. Na sa, na ji tana wani ɗan siririn sauti kamar ana soya abu a gida na uku.

Ta ce, "Da safe shiru take. Da hantsi takan fara raɗa. In ta fara raɗa, ki tsaya kusa. Wannan da kike ji yanzu ba raɗa ba ce, ta fara ɗaga murya."

Na ce, "Goggo, ai ana iya sha. Na sunsuna, lafiyarta lau."

Ta ce, "Yau ana iya sha. Wanda ya saya ya kai gida ya ajiye zuwa gobe fa? Ke za ki bi shi ki tsare masa?"

Ta sa na kama kunnen randar ɗaya, ita ta kama ɗaya, muka tuntsurar da ita a magudana. Mutane na tsaye a ƙofa da kwanukansu, ta fita ta ce musu yau farar sobiya ta ƙare, sai mai tsamiya. Ban taɓa jin ta sake ambaton maganar ba, ni kuma ban sake makara ba.

Jarka ta shigo sana'ata ne bayan rasuwar Goggo. Magada suka sayar da gidan, muka koma bene, hawa na uku, ƙanena Usman da iyalinsa a hawa na biyu. Randa biyu suka fashe a matakala ranar tashi. Sauran huɗun na kai su sama, amma babu tsakar gida, babu ƙasa mai sanyi da za su zauna a kai, kuma ba yadda za a yi mace ta sauko da randa cike daga hawa na uku. Dole na koma wa jarkokin ruwa na roba, irin manyan nan da kowane gida ke da su.

Shekara biyu na yi ina asara kafin na san halin roba. Randa tana numfashi, tana gumi, tana sanyaya abin da ke cikinta da kanta. Roba ba ta yin ko ɗaya. Zafin da ya shige ta nan yake zama, don haka abin da ke ɗaukar yini guda a randa sai ya gama a rabin yini. Duk lokutan da Goggo ta koya mini sai da na warware su na sake ɗaurawa. Kuma roba tana riƙe wari. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai, ko ruwan wanke ƙasa, ko da sau ɗaya ne, ko kin wanke ta sau talatin, za ta mayar miki da shi a kofin mai saye. Ni jarkar da ban san tarihinta ba ba ta shiga ɗakina. Sabuwa nake saye, ko wadda na san ruwan sha kaɗai ta taɓa gani. Ina yanke wuyanta da wuƙa mai zafi yadda hannuna zai shiga har ƙasa, don abin da hannu bai kai ba bai wanku ba. Ba na goge cikinta da soson ƙarfe, saboda duk ƙarcen da kika yi maɓoya ce ga tsamin jiya, shi ne zai kama sabon jiƙo ya sa shi gudu. In cikinta ya fara dusashewa, ta gama aiki, sai dai a shuka na'a-na'a a ciki. Bakinta kuma farin ƙyalle nake ɗaura masa da zare. Marfi ba ya hawa kan sobiyar da ke tashi. Ranar da na sayi jarka, a ranar nake jefar da marfinta a shara, don kada wani mai taimako ya gan shi ya ce bari ya rufe mini saboda ƙuda.

Kun ga abin da ya sa jinina ya hau da na ga matar nan tana murɗa marfi tana murmushi.

Masu saye kuwa na ga iri-iri. Akwai Amm Sa'id, wani tsohon mai gasa burodi, Balarabe, wanda shekara ashirin da wani abu ba ya fashin zuwa. Shi yake tara mini busasshen burodi, kuma shi kaɗai na yarda ya gaya mini kirfa ta yi yawa. Akwai direbobin tasi da ke tsayawa ana saura kaɗan a sha ruwa, kowa yana miƙo hannu ta taga yana kiran Hajja. Akwai matan da ke aiko da kwano su ce a cika, washegari su aiko a ce jiya ta fi. Duk waɗannan nawa ne, ina son su a haka. Waɗanda ba na so su ne masu zuwa su sunkuyo, su rage murya, su ce, "Ya Hajja, babu wadda ta ɗan kwana biyu? Mai ɗan ƙarfi?" Kowace shekara sai an samu ɗaya ko biyu, kuma ba yara ba, har da masu furfura. Nakan ɗaga murya yadda duk layin zai ji, in ce, "Me ka ce? Ban ji ba, maimaita." Ba wanda ya taɓa maimaitawa.

Da aiki ya yi mini yawa, gwiwoyina kuma suka fara ciwo, Allah Ya haɗa ni da Asabe. 'Yar Gusau ce, ta zo aikin hajji ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar zama. Mijinta ya rasu tun a gida, 'ya'yanta mata biyu suna can a ɗakunansu. Ɗaki ɗaya take haya da wasu mata uku a bayan layinmu. Na ɗauke ta don wanke jarkoki, amma kafin azumi biyu hancinta ya fi nawa. Takan shigo ɗakin jiƙo, ko mayafi ba ta cire ba, ta nuna da baki ta ce, "Hajja, wagga ta ƙarshe ta kusa, a fara sauke ta." In na sa kunne sai in tarar haka ne. Shekara goma sha huɗu muna tare. Ba ta fita unguwa sai Harami, shi ma a cikin ayarin mata, ta dawo da wuri. Ta san yadda ake zama ba a gan ka ba.

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji.

Azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Faisal, ɗan ƙanena Usman, yana da shekara ashirin da takwas a lokacin, aikin da yake yi a wani kanti ya ƙare, yana zaune a gida. Shi ba ya ce mini Goggo, Ammati yake cewa, don Larabci ya fi zama a bakinsa. Ana saura kwana kaɗan a fara azumi ya hau sama ya same ni ina tsince sha'ir.

Ya ce, "Ammati, kina da suna amma ba kya amfani da shi. Jarka biyar a rana? Akwai mai gidan abinci a unguwar Utaibiyya da zai ɗauki ashirin. Ki bar mini in faɗaɗa."

Na ce, "Madalla. Zo gobe da safe ka fara da wanke jarka. Bayan azumi biyu sai mu yi maganar faɗaɗawa."

Ya yi dariya ya ce, "Ruwa ne da sha'ir da sukari, ya Ammati. Ba tiyata ba ce."

Ya zo kwana biyu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu yana danna waya, daga nan ban sake ganinsa ba. Na ɗauka ya haƙura.

A saman benenmu akwai wani ɗan ɗakin ajiya mai rufin kwano, makullinsa yana hannun Usman. Da rana ko ƙarfen ƙofarsa ba ka iya taɓawa. Ashe Faisal ya sayo jarkoki goma sha biyu a wurin masu tsofaffin kaya, ya yi jiƙonsa a can, ya ɗaure kowace da marfi har da naɗa leda, wai kada iska ta shiga ta lalace. Ya je ya buga takardu masu manne da sunana a jiki, Sobiyar Hajja Binta, ya liƙa wa kowace jarka. Mai gidan abincin ya ce masa gobe, gobe ta yi ya ce jibi. Faisal ya bar su a can kwana huɗu, a ganinsa tunda a rufe suke ba abin da zai same su.

Ran sha ɗaya ga azumi, bayan azahar, muna ɗaure sobiya a leda ni da Asabe, sai muka ji ƙara daga sama kamar tayar mota ta fashe. Kafin mu gama tambayar juna, wari ya sauko ta matakala. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san warin nan. Asabe ta ajiye ledar hannunta ta hau, ni ina bin ta a baya da ƙyar, ina dafa bango. Ruwa na malalowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin, yana kumfa, yana bin bututun ruwan sama yana zuba a titi. Matar Usman ta kawo makulli. Da muka buɗe, jarka biyu sun tsage, sauran goma sun kumbura sun zama kamar tulu, kowace da sunana a goshinta.

Na ce a kira Faisal. Ya ɗauka sau ɗaya, uwarsa ta gaya masa abin da ya faru, ya ce ga shi nan zuwa. Daga nan wayarsa ta mutu.

Na ce wa Asabe, "Sauka ki tafi ɗakinku yanzu. Mutane za su taru."

Ta ce, "Hajja, ke ba ki iya duƙawa. In ba a wanke wanga abu ba, warin shina kaiwa masallaci kahin la'asar. Bari in kora shi da ruwa, yanzu in tahi."

Na sake cewa ta tafi. Ta riga ta ɗauko bokiti da tsintsiya. Ni na sauka in tare mutanen da suka fara tsayawa a ƙofar gida suna toshe hanci.

Wani daga benen da ke kallon namu ya riga ya buga waya. Ban san ko wane ne ba har yau, kuma ban neme shi ba. Mutum ya ji wannan wari a Makka, da rana tsaka, a watan azumi, me kuke so ya yi? Jami'ai suka zo suka hau. Abin da suka tarar shi ne mace ita kaɗai a ɗaki mai jarkoki goma a kumbure, tana kora ruwa. Su ma ban ga laifinsu ba. Suka tambaye ta iƙama. Ta jingine tsintsiyar a bango, ta gyara mayafinta, ta biyo su. Da ta zo wucewa ta gabana a matakala ta ce, "Hajja, fara ta ƙarshen can ta kusa, a sauke ta."

Aka tafi da ni ni ma, da jarkokina biyar masu ƙyalle a baki, da nasa goma. Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce su duba nawa, su duba waɗancan, su ga ko hannu ɗaya ne ya yi su. Mai unguwa ya zo da limamin masallacinmu, suka ce sun san ni tun ina goyo. Faisal bai bayyana ba sai washegari da hantsi, ubansa ya jawo shi daga gidan wani abokinsa. Ya faɗi gaskiya, wannan kam na ba shi. Aka duba aka ga sobiya ce ta wuce iyaka saboda wauta, ba da niyya ba. Ya kwana uku a tsare, ya sa hannu cewa ba zai sake ba, aka sallame shi, don shi ɗan ƙasa ne. Ni ma na sa hannu, na kuma ɗauki hukuncin sa marar takarda aiki. Asabe kuwa maganarta ta riga ta bar kan sobiya. Bayan sallah da 'yan kwanaki aka sa ta a jirgi. Kayan ɗakinta ni na ɗaure su na ba wata mai komawa gida, ba su cika jaka biyu ba.

Sauran azumin ban sayar da ko leda ɗaya ba. Shekarar da ta biyo na jiƙa jarka biyu kacal na zauna a ƙofa. Mutanen da suka sha daga hannuna tun suna yara suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen titi. Wata mata da ta yi shekaru tana aiko kwano ta ce wa maƙwabciyarta, wai dama ta daɗe tana jin sobiyata tana sa ta barci. A rana ta huɗu Amm Sa'id ya zo, yana dogara sanda. Bai karɓi leda ya tafi ba yadda ya saba. Ya sa aka fito masa da kujera ya zauna a gefena har aka kira magariba, ya karɓi kofi a gaban duk masu wucewa zuwa masallaci, ya yi bisimilla ya shanye. Ya miƙo kofin ya ce, "Kirfa ta yi yawa, ya Hajja. Ƙaro." Haka ya yi kullum har sallah. Direbobi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Sai da na yi azumi uku kafin na koma jarka biyar, kuma akwai gidajen da har yau ba su sake aikowa ba.

Faisal ya zo ba ni haƙuri sau da yawa. Kullum maganarsa ɗaya ce, "Wallahi ya Ammati ban yi nufi ba." Na san bai yi nufi ba. Bai yi nufin komai ba, shi ya sa bai tambayi kowa ba. Ya kalli aikin da mata biyu suka tsufa a kansa, ya ga bai kai a koya ba. Yanzu yana da mata da 'ya'ya, yana tuƙa motar wani kamfani, in mun haɗu a matakala yakan gaishe ni in amsa.

Don haka, Samira, ke da ƙawarki, ban hana ku ba. In kuna so, ɗakin jiƙo yana nan, ku zo bayan sallar asuba ku fara da abin da kowa ya fara da shi. Amma sunana ba zai hau kan jarkar da ban sa kunne a kanta ba, ko ta wace ce.

Asabe tana Gusau wurin babbar 'yarta. Mukan yi waya lokaci-lokaci. Na taɓa ce mata ta gwada sobiya a can, ko za ta karɓu. Ta ce ta gwada sau ɗaya, mutane suka ce kunun zaƙi ne da bai ji gero ba, ta bari. A azumin bara ta kira ni, muryarta ta yi ƙasa sosai, ta tambayi Amm Sa'id na ce ya rasu, ta tambayi gwiwoyina. Da za mu yi sallama ta ce, "Hajja, ki ce ma Faisal na yafe mai. Na daɗe ina son in faɗi."

A ranar na sauka hawa na biyu, na same shi a gidan ubansa, na isar masa da saƙon kalma da kalma, don amana ce. Ya dube ni ya ce, "Ke fa, ya Ammati?"

Na ce masa saƙo ɗaya aka ba ni, kuma na kawo. Na kama ƙarfen matakala na hau.